Koren Bokiti da Ƙyauren Kawu

Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da babbar motarka. Yaya ciwon bayan? Ina fata kana shafa maganin da na ba ka, ba ajiye shi ka yi a ƙarƙashin kujera yana zaga garuruwa ba. Ni lafiyata lau, kaina ne kawai ya ɗaure.

Wata takarda za ta zo maka daga jami'a. Ka tuna lokacin da aka ɗauke ni karatun jinya, aka ce sai an rubuta waliyyi, Umma ta ce a sa sunanka? Ta ce ko da yake kai ɗan ƙanin babanta ne, a duk dangi kai kaɗai hanyarka ke bi ta garin nan. To ga ranar amfaninka ta zo. Bari in yi maka bayani, duk da ni ma ban gama ganewa ba.

Ruwa ya ɗauke a ɗakunan kwanan mata har aka gaji da jira. 'Yan mata suka kwashi bokitai suka tafi ofishin mai kula da ɗakunan suna kaɗa su kamar ganguna. A cikin turereniya ƙyauren ofishin ya ɓalle. Wasu sun ce dukansa aka yi, wasu sun ce dama gara ta cinye shi, jingina kawai aka yi. Da aka watse, mai gadi ya tsinci koren bokiti a bakin ƙofar, da lambar ɗakina da ta gadona a jikinsa. Bokitina ne, Kawu, wanda ka sayo mini, ka rubuta lambar da jan fenti da hannunka don kada a sace.

Yanzu an ce zan bayyana gaban kwamitin ladabtarwa. Na je ofishi na tambayi yaushe, suka ce sai kwamitin bincike ya gama. Na je wurin na binciken, suka ce suna jiran na ladabtarwa ya sa rana. In aka dakatar da ni ba zan zauna jarrabawar ƙarshe ba, ita ce kuwa ta rage mini in zama nas.

Don Allah kada Umma ta ji, ka san hawan jininta. Direban bas ɗin da zan ba takardar nan yana ta danna mini hon, bari in tsaya.

'Yarka

*

Likita,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, bayan ma da sauƙi, maganin ina shafawa duk ranar da na tuna. Motar ce ta kama tari a hanya, muka yi kwanaki a wani ƙauye muna jiran kayan gyara, shi ya sa kika ji shiru. Da na dawo tasha na tarar da takardu biyu, taki da ta makaranta mai hatimi.

Taki na karanta na sake karantawa. Ta makarantar na kai wa akawun tasha, ya ce kalmomin manya ne, amma abin da suke nufi shi ne ɓarnar dukiya da tayar da hankali. Na ce wa? Ya ce 'yarka. Na ce wace 'yar tawa, wadda in ta ga kyankyaso sai ta hau tebur? Ke da ko murfin kwalba sai kin miƙo mini in buɗe, yaya aka yi kika ɓalle ƙyaure da bokitin roba? Ina tuƙi ina juya abin a raina, ban ga ta inda ya yiwu ba. Amma rashin ruwa babu abin da ba ya sa mutum, na taɓa ganin direba da gemunsa yana dambe da famfo.

Abin da ya faru ya riga ya faru, ki bar mini sauran. Ban san kwamiti ba, amma na san hukuma, a shingen hanya gashin kaina ya yi fari. Mai kaki da mai hatimi duk abu ɗaya suke so, kada ka yi musu gardama. Ka sauko daga mota, ka cire hula, ka ce ranka ya daɗe na yi kuskure. In mota ta gogi mota, ba a tsayawa neman wa ya fara, wurin mai gyara ake tafiya. Wanda ya tsaya kawo hujja shi ke yini a bakin titi da kayan mutane.

Ina da lodi zuwa wajenku ba da daɗewa ba. Yaya, wato Ummanki, ba za ta ji daga bakina ba. Ki ci abinci, ki daina tunani.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode Allah da motar ta warke, kai kuma ka ci gaba da shafa magani ko ba ka tuna ba. Ina lafiya.

Kawu, wane ƙyaure na ɓalle? Ni ba na wurin! Ranar ina asibitin koyarwa, a ɗakin haihuwa, tun safe har la'asar. Ban rubuta maka wannan ba saboda ko a mafarki ban zaci sai na faɗa maka ba. Bokitin kuwa tunda ruwa ya yi wuya duk 'yan benenmu ke aronsa, don shi ne mai ƙarfi, wani lokaci sai in neme shi in rasa a hannun wa yake.

Sista mai kula da ɗakin haihuwa ta ce za ta zo da kanta ta ba da shaida. An sa ranar zama a ƙarshe. Wani malaminmu ya ce magana ce ta ɗan lokaci, in Sista ta buɗe baki an gama.

Saboda haka ina roƙonka, kada ka zo. In ka zo garin, ka ajiye kayanka ka wuce. Kada ka ga kowa, kada ka cire wa kowa hula. Nan ba shingen hanya ba ne, a nan duk abin da mutum ya faɗa rubutawa ake yi. Zan ba direban bas takardar nan yanzu, Allah Ya sa ta riske ka kafin ka taso.

'Yarka

*

Likita,

Sallama da gaisuwa. Ina cikin ƙoshin lafiya, yau ma har bayan ya saki don murna. Ina rubuta miki wannan a kan sitiyari a bakin ƙofar makarantarku, zan bar ta wurin mai faci ya ba ki. Na neme ki aka ce kina asibiti. Daga wancan lodin kai tsaye na zo, ban bi ta tasha ba, in kin aiko da wani saƙo yana can yana jirana.

Albishirinki, magana ta ƙare. Da na iso na fara zuwa na ga ɓarnar da idona. Na auna ƙofar da igiya, na shiga kasuwa na zaɓo ƙyaure na katako mai nauyi, wanda ko giwa ta jingina ba zai motsa ba, na ɗauko kafinta muka kafa shi. Mai gadi da kansa ya riƙe mana. Matar da ke kula da ɗakunan har addu'a ta yi mini, na damƙa mata mabuɗi da rasit.

Daga nan na tambayi shugaban kwamitin, aka nuna mini ofishin wani farfesa mai tabarau. Na cire hula tun daga matakala. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne waliyyin mai koren bokiti. Ta yi kuskure, yarinta ce, a yi mata afuwa. Ƙyaure kuma na riga na sa sabo."

Ya sauke tabarau ya dube ni ya ce, "Ita ta turo ka?"

Na ce, "Ai ba sai ta turo ni ba, ranka ya daɗe. Kunya ce ta hana ta zuwa."

Kin san abin da ya yi? Ya ba ni kujera! Ya kira magatakarda ya ce in maimaita a hankali, ina faɗa ana rubutawa, har na ƙara da cewa a danginmu ba a taɓa yin haka ba, ke ma zafin rana ne. Suka ce in sa hannu, na sa. Tunda nake ba da haƙuri ban taɓa ganin inda aka girmama haƙurina haka ba. Mutanen boko akwai tsari.

Ki shiga jarrabawarki da ƙarfin zuciya. In kin wuce ta ofishin ki ɗan ƙwanƙwasa ƙyauren ki ji ƙararsa.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya. Ni jikina lafiya.

An dakatar da ni zango guda.

Na karɓi takardarka wurin mai faci ana gobe zama. Na karanta a tsaye, sai ya ba ni tsohuwar taya na zauna. Duk da haka na ce ai Sista na nan.

Da aka kira ni, mutane sun jeru a bayan dogon tebur, ni kaɗai a kujera a tsakiyar ɗaki. Farfesan ya karanta maganarka daga farko har ƙarshe, har da zafin ranar. Ya ce, "Kina da abin cewa?"

Na ce, "Ban yi ba. Ba na wurin."

Ya ce, "Waliyyinki ya ce kin yi."

Na ce, "Shi ma ba ya wurin."

Wani malami daga gefe ya ce, "To in ba ki fasa ba, me ya sa danginku suka sa sabon ƙyaure? Haka kawai mutum ke yawo yana raba ƙyamare?" Wasu suka yi dariya. Na buɗe baki in yi bayanin shingen hanya da cire hula, sai na ga babu ta inda zan fara. Na ce a kira Sista, tana waje a kan benci. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, suka ce a ƙa'ida in an amsa laifi ba a buƙatar shaida. Na ce ai ban amsa ba. Suka ce an amsa mini. Sista ta bar masu naƙuda ta zo ta yi zaman banza ta koma.

Sun ce saboda gyaran da aka yi da nadamar da aka nuna, sun sassauta, da shekara za a ba ni. Wato ma in gode maka.

An ce in kwashe kayana daga ɗaki. Sista ta ba ni wuri a gidanta, ta kuma sa na ɗaukaka ƙara, ko da yake ba wanda ya san yaushe wancan kwamitin ke zama.

Kawu, na san don ni ka yi. Na san abin da ƙyauren nan ya ci maka da wahalar da ka sha. Amma raina ya ɓaci, kuma ba dakatarwar ce ta fi ci mini rai ba. Mutanen nan ba su san ni ba, duk da haka sun tambaye ni ko ina da abin cewa. Kai da ka goya ni a kafaɗa ka auna ƙofa, ka nemo kafinta, ka hau bene, amma ba ka tambaye ni ko na yi ba.

'Yarka

*

Likita,

Ina gaisuwa. Kada ki tambayi baya, ban ma san ko yana ciwo ba.

Na dawo tasha akawu ya miƙo mini takardunki biyu a tare, wadda kika ce kada in zo da wadda kika ce an dakatar da ke. Ta biyun na fara buɗewa, ban gane komai ba. Na buɗe ta farkon, sai na zauna a ƙasa. Har yanzu abin bai shiga kaina ba. Yaya za a yi mutum ya ba da haƙuri, haƙurin ya zama shaida a kansa? A hanya in ka ce na yi kuskure, kai da jami'in duk kun san magana ce kawai, yana ɗage sanda ka wuce. Ban san akwai wurin da ake yarda da mutum ba.

Na yi tunani na ga tunda ƙyaure ne ya yi magana, to a rufe masa baki. Na ɗauki lodin da ba nawa ba don in bi ta wajenku. Da hantsi na shiga da sukurdireba. Mai gadi ya gan ni ya yi murna, ya zaci wani gyaran na zo yi, ya sake riƙe mini. Sai da na ɗora ƙyauren a ka ya ce, "Baba, ina za ka da shi?"

Na ce, "Na janye haƙurina."

Matar ofishin ta fito tana salati. Aka kira masu tsaro, suka kai ni ofishinsu da ƙyaure a kaina, don na ƙi ajiyewa. Suka ce satar kayan makaranta. Na ce kayana ne. Suka ce ina rasit. Na ce yana hannun wadda ta ce na sata. Suka rasa yadda za su rubuta, a ƙarshe suka raka ni bakin ƙofa suka ce kada ƙafata ta sake taka makarantar. Ƙyauren na nan a bayan mota na ɗaure shi.

Ban neme ki a gidan Sista ba. Ban san da wane ido zan dube ki ba. Ki gaya mini ko wannan karon na gyara ko na ƙara ɓatawa, don ni kam na daina ganewa.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma wanda ya ɗauki ƙyaure a ka da ciwon baya ya san abin da ya ja wa kansa, ka shafa magani. Ka yi haƙuri da daɗewar shiruna, na ƙi rubutu ne sai na ga ƙarshen abin.

Ka tambaye ni ko ka gyara ko ka ɓata. Wallahi duka biyun ka yi.

Saboda kai aka kafa wani sabon kwamiti, na ƙyaure. Kwamitin ɗaukaka ƙara ya ce ba zai zauna ba sai an san matsayin ƙyauren. Mai kula da sito ya ce ba a taɓa shigar da shi cikin kayan makaranta ba, don haka ba a saci komai ba. Matar ofishin ta ce to ita me ya sa take zaune a bayan labule? Aka yi ta kai da kawo, ni kuma ina ganin ranar jarrabawa tana matsowa, kullum in je ofishi a ce in dawo.

Amma kuma labarin tsohon da ya janye haƙurinsa ya zaga makarantar, har ya kai kunnen shugabar kwamitin ɗaukaka ƙara, wata farfesa mai furfura. Da aka zauna ta ce, "In sa ƙyaure amsa laifi ne, to cire shi fa?" Malaman suka kama musu a tsakaninsu, har suka manta ina zaune. Can ta buga tebur ta ce, "Wai a cikinmu akwai wanda ya tambayi inda yarinyar take ranar?" Ta ce a kira Sista.

Sista ta shigo da fararen kayanta ta ce, "Tun safe tana gefena, wata mai haihuwar fari ta riƙe hannunta ta ƙi saki har sai da ta sauka. Wancan karon ma na zo in faɗa, aka bar ni da benci." Maganar ke nan. An wanke ni, an soke dakatarwar, har bokitina aka dawo mini da shi.

Sai dai hukuncin ya fito bayan an riga an yi jarrabawar aikin hannu. Ba a maimaita ta don mutum ɗaya, sai zama na gaba, tare da 'yan bayanmu. Ƙawayena za su sa farin kaya su yi rantsuwa ina cikin 'yan kallo. Na yi kuka sosai a ɗakin Sista, da na tuno ka da ƙyaure a ka kuma sai dariya ta kama ni, har ta zaci na zautu.

Na gaya wa Umma da kaina. Ta ce dama tun kuna yara in ta fasa abu kai ke zuwa ka ce kai ne. Yanzu me za ka yi da ƙyauren?

'Yarka

*

Likita,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da aka wanke ki. Jarrabawar da ta wuce ki kuwa ni na ja miki, ba zan ce ki yi haƙuri ba, don kin ga inda kalmar nan ta kai mu. Bayan yana ciwo, ina shafawa kullum.

Ƙyauren na kai wa Yaya, yana jingine a ɗakinta. Ta ce a ajiye miki, ranar da kika buɗe wurin duba marasa lafiya a kafa shi.

A hanyar kai shi ne aka tsayar da ni a shinge. Jami'in ya san ni, mun daɗe muna gaisawa. Ya leƙa baya ya ce ina rasit ɗin ƙyaure. Na ce babu. Ya yi dariya ya ce, "To Baba, ka san yadda ake yi. Ba da haƙuri ka wuce." Hannuna har ya kai kan hula, da kansa ya tafi. Sai na tuno ki a kujerar nan a tsakiyar ɗaki, ke kaɗai, kina cewa ban yi ba.

Na ce, "Ban yi laifi ba. Ƙyaurena ne."

Ya ce me na ce? Na maimaita. Ya sa na faka a gefe. Rana ta dake ni, direbobin da na koya wa tuƙi suna wucewa suna leƙowa suna cewa Baba lafiya, ka ce masa ya yi haƙuri mana. Na yini a wurin. Sai da aka canja masu aiki sabon ya ce wannan tsohon me yake yi a nan, ya kore ni. Mai kaya ya zazzage ni da faɗa don na makara. Yini ɗaya kawai na yi, Likita, kuma ni na zaɓa. Ban san abin yana da nauyi haka ba.

Akwai tambayar da ya kamata in yi tun a takardata ta farko. Na makara, na kuma riga na ga amsar a takardunki, amma ina so in tambaye ki da kaina. Ranar da ƙyauren ya ɓalle, kina ina, me kike yi? Ki rubuto mini duka, kada ki taƙaita, zan faka in karanta a hankali. Matar da ta riƙe hannunki, mace ta haifa ko namiji?

Kawunki